Murfin Tanka a Ƙofar Surukai

Autanmu direban tankar mai ne, kuma tun yana ƙarami bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. In zai yi wata dabara sai ya kama sosa ƙeya. Don haka ranar da ya shigo gidanmu a Turawa da hantsi, ya gaida kowa, ya tsuguna kusa da ni yana sosa ƙeya, na ajiye tsintsiya na jira.

"Yaya, itacen nan da za a kai Jajaye," ya ce, "a bar maganar a-kori-kura. Ai motata za ta bi ta can."

Matarsa ce ta haihu, haihuwar fari, 'ya mace. Tun da cikin ya tsufa ta tafi gidan iyayenta a Jajaye goyon ciki, kamar yadda ake yi, kuma a can ta sauka yana kudu. Yanzu ya dawo da lodin fetur zai sauke a wani gidan mai a Rogo, daga nan ya juya kudu, ba zai sake ganin gida ba sai bayan suna, wataƙila ma sai an yi arba'in. Bai ga 'yarsa ba. An tura masa hoto a waya, amma a cikin ɗaki mai duhu aka ɗauka, ba abin da ake gani sai zani da gefen kunne. Kuma ba shi da bakin da zai ce yana son ganinta. A wajenmu ɗan fari na kunya ne. Uba ba ya nuna ɗoki, ba ya kiran sunansa, balle ya doshi gidan surukai tun ba a yi suna ba ya ce a fito masa da jaririya. Sai a yi shekaru ana ba da labarinsa a bakin rijiya.

Itacen wankan jego kuwa haƙƙin dangin miji ne, ni aka ɗora wa kai shi, tare da gero da kanwa da kayan yaji da sabulai.

Na ce, "Itace a kan motar mai? Kanka ɗaya kuwa?"

Ya ce, "Ai itacen ba a kunne yake ba, Yaya."

Na san Jajaye ba ta kan hanyarsa, shi ma ya san na sani. Amma na yarda, don tausayinsa ya kama ni, sannan kuma, in faɗi gaskiya, ban taɓa shiga gaban tanka ba, na daɗe ina so. Aka ɗaure itace a bayan kan motar da gefen tankin, na tattare zani na hau da ƙyar, mata suna yi mini dariya.

Ashe haka direbobin nan suke ganin duniya. Daga can sama komai a shimfiɗe yake. Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai, mutane sun duƙufa a gonaki suna cirar gyaɗa, shanun Fulani suna tsallaka titi ba sa ko kallonmu. Ina ta kallo ina jin kaina wata hamshaƙiya. Shi kuwa Auta hankalinsa ba ya kan gyaɗa. Mun wuce Karaye, can sai ya gyara murya.

"An ce mutanen gidan duk lafiya ko?"

"Lafiya ƙalau."

Ya canza giya. "An ce ƙatuwa ce."

"Wa?"

"Baƙuwar mana."

"Ni ma ban gan ta ba, kuma ko na gan ta ba da sikeli nake yawo ba."

Ya haɗe rai. Ni kuwa na juya fuska waje ina danne dariya. Na raine shi, na goya shi, ina da ikon in ɗan wahalar da shi.

Da muka sauka daga kwalta muka kama burji, niyyarsa ya tsaya a bakin gari ƙarƙashin wata tsamiya, a zo a kwashe itacen, shi ya zauna a mota. Ban san me yake fatan gani daga ƙarƙashin tsamiya ba, ina jin dai kusanci kawai yake so. Amma mutanen Jajaye ba su bar shi ba. Tankar mai ba ta taɓa shiga unguwar ba, kuma ta surukin gari ce. Mazan da ke zaune a inuwar masallaci suka miƙe gaba ɗaya, kowa ya zama ɗan jagora. Wannan yana cewa taho, wancan yana cewa karya kan hagu, wani tsoho yana ɗaga sanda yana cewa har ƙofar gida, har ƙofar gida, wa zai ɗauki itacen nan a ka? Duk cikinsu ba wanda bai san cewa jikin katangar gidan tsohon rami ba ne, inda aka haƙi ƙasar gini aka cike da shara da ƙaiƙayi. Amma jakuna suna bi ta kai, babura suna bi, har amalanke tana bi, don haka a wajensu hanya ce.

Ban ji ƙara ba. Ji kawai na yi kujerar da nake kai tana karkata a hankali. Tayoyin baya na ɓangaren katanga suka nutse, tankin ya kwanta ya jingina wajen gidan kamar mai son leƙawa. Auta ya kashe mota ya dira. Kafin in lallaɓa in sauko warin ya riga ni. Fetur ne yake fitowa daga murfin baya na can saman tankin, yana bin jikin ƙarfen yana gangarowa, yana ɗiga a ƙasa ɗis ɗis kamar indararo bayan an ɗauke ruwa.

A nan na ga wani Auta da ban sani ba. Yaron da ko ido ba ya iya ɗagawa a ƙofar gidan nan ya buɗe murya har sai da kaji suka watse.

"A kashe wuta! Duk mai wuta a gidansa ya kashe! Kada wanda ya tayar da babur!"

Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Duk mun sha jin abin da tankar mai take yi wa gari in ta kama. Na kwasa da gudu na faɗa cikin gidan.

Uwar matarsa, wadda duk muke kira Inna, gajeriyar mace ce mai kaifin baki, ita ce ungozomar rabin unguwar. Na same ta a bakin murhu, ta ɗora tukunyar kunun kanwa, ga wani rabin duro na ruwa a gefe a kan wuta yana huci. Ban tsaya barka ba na ce, "Inna, a kashe wuta!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Maraba, lale. Sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau Inna, wutar..."

"Ya mutan gidan? Ya tsohuwa, ya ƙafar tata?"

Ina amsa gaisuwa ina janye itace daga murhu ina tsomawa a ruwa. Da sauƙi Inna, na ce, na sheƙa wa garwashin bokiti guda. Toka ta tashi ta rufe mu duka biyu. Sai a lokacin ta saki gaisuwa.

"Ke! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin inda aka kashe wutar maijego ba. Lafiyarki?"

Na ce mata motar mai ce ta nutse a jikin katanga, tana zuba.

"Me ya kawo motar mai lungun nan? Wa ya kawo ta?"

Na shiga kaɗe toka daga mayafi. Ta kalle ni, ta kalli katanga inda ƙeyar tankin ta leƙo.

"Na gane," ta ce. Ba ta ƙara ko kalma a kansa ba, don suruki ba a kama sunansa ko da faɗa.

Ɗakin maijego yana can ƙuryar gida, nesa da katangar, iska kuma tana kaɗa warin waje. Na leƙa na same ta ta cusa fuska a zani, kafaɗunta suna rawa. Na zaci kuka take yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, tana yi tana dafe ciki. Ta ce tun da ta ji kukan injin daga nesa ta san shi ne. Ta miƙo mini jaririyar. Ƙatuwa ce kuwa, jawur da ita, ga suma kwance, tana barci ta dunƙule hannu ɗaya a gefen kunci. Na rungume ta na ji ƙwalla ta taru mini. Ga ni nan ina shaƙar ƙamshinta, ubanta kuma yana bayan katanga yana shaƙar fetur.

Da na fito waje, Baba, mahaifin matar tasa, ya iso daga gona da fartanya a kafaɗa. Dogon dattijo ne marar hayaniya. Auta ya cire takalmi tun daga nesa ya zube, kansa a ƙasa, ya gaishe shi da muryar da ko sauro ya fi ta ƙarfi. Baba ya amsa yana kallon taya. Daga nan ya juyo wajena.

"'Yata, tambayi mai motar, me ake bukata?"

Mai motar yana tsugune a gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Auta ya juyo wajena shi ma.

"Yaya, ki ce wa Baba ƙasa za a zuba a kan man da ya zube. Kuma kada a bar kowa ya matso da kwano ko galan."

Na buɗe baki zan maimaita, Baba ya riga ya juya yana ba da umarni. Haka muka wuni. Su biyun suna jin juna sarai, amma kowace magana sai ta bi ta kaina, ni ce tasha. Baba ya ja layi a ƙasa da fartanya ya kewaye motar, ya ce duk wanda ya tsallaka ba da izini ba shi da shi ne. Ya aika gida gida a lungun aka kashe murhu. Babura aka tura su da hannu har bayan masallaci. Mai shayin bakin hanya ya kwashe tukunyarsa yana gunaguni ya koma can gindin tsamiya. Ranar unguwar ba ta ga hayaƙi ba. Gari da ƙuli aka ci, aka dama fura. Matan Fulanin da suka shigo tallar nono suka koma da ƙore fayau tun kafin azahar, ɗaya daga cikinsu tana wucewa ta ce wa motar Allah ya maimaita mana.

Dole Auta ya hau saman tankin ya ga murfin. Ya kama tsani, ya sa ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. A garuruwanmu namiji ba ya hawa abin da ya fi katanga tsawo sai an sanar da matan gida, ko gini zai yi ko zai sari reshe. Ihun farko tsoro ne ya fitar masa da shi, yanzu kuwa kunyar ta dawo.

"Yaya, ki taimaka."

Na tsaya a bakin zaure na ɗaga murya. "Matan gida a shiga ɗaki, za a hau sama!"

Ya hau. Na san daga inda yake tsakar gidan gaba ɗaya a tafin hannunsa take, har ƙofar ɗakin ƙurya. Amma ba kowa a ciki sai kaji da turmi, asabari a sake. Shi ma bai yarda ya duba ba, ga Baba a ƙasa, ga rabin gari sun zuba masa ido. Ya juya wa gidan baya ya duƙa a kan murfin. Ya ce in miƙo masa sabulun wanki. Na kwance ƙunshin kayan barka na ciro sanda guda na jefa masa. Ya jiƙa shi ya murje, ya liƙe bakin murfin kewaye da shi, wai fetur ba ya narkar da sabulu. Zubar ta tsaya, mutane suka fara hamdala. Ba a daɗe ba rana ta take, man ya ɗumama a ciki, sai ga shi ya huda ta wani gefen ya ci gaba da tsiyaya.

Ya sauko ya yi mini bayani, Baba yana saurare yana kallon sama. Akwai wata roba a cikin murfin mai hana mai fita, ita ce ta mutu. Da motar a tsaye take daidai, man ba ya kaiwa can. Yanzu da ta karkata, man ya taru ya danne murfin, kuma ba halin buɗewa a haka, sai ya kwararo. Ba halin tayar da inji kuma ana wannan zubar. Sai dai a daidaita motar da hannu.

Maza suka kawo fartanyu da shebur. Tunda ba za a iya ɗaga ɓangaren da ya nutse ba, sai aka shiga haƙe ƙarƙashin tayoyin ɗaya ɓangaren don su ma su sauka. Ɓangaren ramin kuma aka ce a cusa masa wani abu mai ƙarfi kada ya ƙara nutsewa. Aka duba hagu aka duba dama, ido ya faɗa kan itacen da muka kawo. Kafin in ce wani abu an kwance shi ana jerawa a ƙarƙashin taya. Ni aka aika in kai wa Inna ruwan sanyi, ni kuma bakina bai iya riƙe labari ba.

"Itacen wankan?" ta ce. "Madalla. An kashe mini wuta, an kuma binne itacen. Saura me? Ko rijiyar ma za a toshe?"

Na ce ta yi haƙuri.

"Haƙuri na yi shi. Amma ki saurara da kyau, ki kai wa wanda ya dace. Yarinyar nan ta yi wankan safe, ba za ta rasa na yamma ba. Ban taɓa tsallake wa maijego wanka ba, ba zan fara a kan 'yata ba. Kafin rana ta faɗi zan hura wutata, da mota ko ba mota."

Na san Inna, ba barazana take yi ba. Na kai saƙon yadda yake, ban rage masa gishiri ba.

Ana kiran azahar tankin ya yi wani nishi ya zauna daidai. Ɗigar ta tsaya. Aka yi salla, Auta ya yi nisa can bayan gari ya kira maigidansa a waya, ya dawo yana share gumi, da alama ya sha faɗa, amma an ba shi izinin buɗe murfin. Na sake shela, ya sake hawa, ya sake juya wa gidan baya. Ya naɗe sifana da jiƙaƙƙen tsumma don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe, ya kwance notin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murfin yana kawar da fuska. Ya zaro robar ya sauko da ita. Ta bushe ta ƙandare, ta lotse, wani wuri ma ta gutsure. Ya mayar da murfin ya rufe kafin a san abin yi.

Shawara ta ɓarke. Wani ya ruga ya kawo tiyub ɗin babur ya ce a yanka. Auta ya ce in gaya wa jama'a an gode, amma fetur zai kumbura shi ya cinye kafin a kai Rogo. Sabuwar roba sai Kano, in aka aika kuma sai gobe, ga hanyar fita duk gargada, in aka tafi a haka man zai riƙa tsalle yana fita. Gobe kuwa na nufin unguwa ta kwana ba wuta, ga maganar Inna. Can ya ce shi dai ya taɓa ganin wani tsohon direba a hanya ya yi da igiyar auduga da sabulu, ta kai shi har inda za shi. Amma sai igiya mai laushi, mai kauri daidai da kwarmin da robar take zama, ba irin ta ɗaure akuya ba.

Baba ya miƙa mini hannu, na karɓi robar daga hannun Auta na ba shi. Ya jujjuya ta, ya gwada kaurinta da ɗan yatsa, ya shige zaure. Ya fito da curin abawa, zaren audugar nan mai kauri da tsofaffi ke kaɗawa. Ya zauna a inuwar katanga, ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin zaren a babban yatsa, ya fara tufka. Auta ya tsuguna a gefe yana riƙe da robar, yana kallon hannun tsohon. Ni kuma na samu kwano na yayyanka sabulu ina kwaɓawa da ɗan ruwa.

Igiyar tana tsawo, su biyun suna matsowa kusa da juna ba su sani ba. Can sai na ji Baba ya ce, "Kaurin ya yi?"

"A ƙara sili ɗaya, Baba."

"Ba za ta yi yawa ba?"

"A'a, in an ɗaure za ta kwanta."

Sai suka farga. Baba ya yi tari ya mayar da ido kan yatsansa, Auta ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da hannu a tukunya. Ni kuwa na ci gaba da kwaɓa sabulu ina cewa a raina, to, an sallami tasha. Ba a jima ba Baba ya ce, "'Yata, ce masa ya gwada tsawon," aka koma gidan jiya. Amma na ji daɗin abin har cikin raina.

Na murje igiyar da sabulu har ta yi nauyi ta yi santsi. Ya hau da ita, ya goge kwarmin murfin tas, ya kwantar da ita a ciki yana dannawa da yatsa, bakin biyu ya fiƙe su ya ɗora ɗaya a kan ɗaya yadda ba za a sami kafa ba. Ya rufe, ya ɗaure notin, wannan gefe sannan na gabansa, a hankali, har murfin ya zauna. Aka kwashe ƙasar da ta sha mai aka kai bayan gari, aka zuba sabuwa, aka jira warin ya lafa. La'asar ta yi, inuwar katanga ta tsallake hanya.

Da ya tayar da injin ba wanda ya yi numfashi. Motar ta yi gurnani, itacen Inna yana ƙara yana karyewa a ƙarƙashin taya, maza suna ihun a taka, a taka, kamar su suke ɗauke da ita. Ta yi gaba ta dawo, ta jijjiga, ana jin man yana tambal-tambal a ciki, sannan ta fita daga ramin ta tsaya a kan ƙasa mai tauri. Ya kashe ta ya sauko. Saura ya hau ya ga ko igiyar ta riƙe bayan wannan jijjigar, in ta riƙe ya kama hanya. Ya riga ya makara, ko zama ba zai yi ba.

Na yi shelar ƙarshe, na shige cikin gida in gaya wa Inna ta shirya ashana. Na same ta a bakin ɗakin ƙurya ta jera guntayen itacenta na da a murhu, tana zaune ta naɗe hannu.

"An gama, Inna. Yanzu zai tafi."

"Allah ya kiyaye hanya."

Na matsa kusa da ita. "Daga Rogo kudu zai wuce. Ba zai samu suna ba. Sai an yi arba'in, in Allah ya kai mu."

"Wa ya tambaye ki?"

Ta zauna tana kallon murhun da ba wuta. Ta bayan katanga na ga kansa ya ɓullo, sannan kafaɗunsa, ya duƙa a kan murfin, bayansa a wajenmu kamar ɗazu. Ya shafa kewayen da tafin hannu ya duba, ya sake shafawa. Na ji ya ce wa na ƙasa a bushe yake, aka ɗauki kabbara a waje.

Inna ta miƙe ta ɗaga asabari ta shiga ɗaki. Na ji maijego tana cewa, "Inna, ina za ki kai ta?" Sai ga Inna ta fito da jaririyar a hannu, ita da ta hana ko maƙwabta su fito da ita bakin ƙofa kafin suna.

"Ɗakin nan ya yi zafi," ta ce, ba da ni take ba, ba da kowa ba. "Wuni guda a rufe. Yarinya ta sha iska."

Ta taka har tsakiyar gida ta tsaya. Ta janye zanin daga fuskar jaririyar, ta tallafo kanta ta ɗaga ta sama kaɗan, ita kuma ta kawar da kai tana kallon kaji. Daga waje na ji muryar Baba, wanda bai ɗaga murya ba duk wunin, yana kiran jama'a da ƙarfi su zo ta wannan gefen su ga yadda ramin ya yi, a san yadda za a cike shi. Na ji takun mutane suna komawa bayan motar.

Na yi gyaran murya. Auta ya waiwayo.

Bai motsa ba. Yana durƙushe a saman tankin da sifana a hannu, rana tana bayansa, bakinsa a ɗan buɗe. Hasken ya dami jaririyar, ta yamutsa fuska, ta yi miƙa, ta buɗe hannun nan da ta dunƙule, ta yi hamma. Na ga ya kai hannun riga ya goge ido, ya bar baƙin mai a kuncinsa. Ni ma ban iya riƙe nawa ba, na bar su suka zubo. Sai ya tuna inda yake, ya ɗora sifana a kan notin da ya riga ya ɗauru yana taɓawa, idonsa yana tsakar gida.

Inna ta tsaya har hannunta ya gaji, ta mayar da jaririyar ɗaya hannun. Rana ta yi ƙasa sosai, ga ruwan wanka ko ɗorawa ba a yi ba.

"Ke," ta ce da ni, har yanzu tana kallon kaji, "tambayi mai motar, ya gama ɗaure notin nasa ko da saura?"

Na ɗaga kai. Kafin in tambaya ya riga ni.

"Yaya, ki ce wa Inna da saura kaɗan."

"To," in ji Inna, ta gyara tsayuwa. "Ya ɗaure da kyau."